Fatar Gwankin Herr Brandl

Ƙarfe takwas da rabi na safe motar farauta ta shigo da gwankin, mutum biyar suka taru suka sauke shi a kan simintin rumfar fiɗa. Alfeus Haraseb ya riga ya wasa wuƙaƙensa uku tun lokacin da ya jiyo ƙarar bindiga daga wajen madatsar ruwa. Shekararsa talatin da ɗaya yana fiɗa a wannan gonar farauta ta bayan garin Outjo, tun zamanin mahaifin Dewald, mai gonar na yanzu, amma bai taɓa ɗora hannu a kan gwanki irin wannan ba. Ƙahonin sun lanƙwasa baya har suna neman taɓa doro, gezar wuya a tsaye kamar an taje ta, fuskar nan mai baƙi da fari babu ko tabon kaska. Harsashin ma ya yi ladabi, rami ɗaya ya bari a bayan kafaɗa, wanda ɗinki biyu zai rufe.

Ya tsuguna ya shafa wuyan, sannan ya ɗago ya yi tambayar da yake yi wa kowane baƙo: bango, tsaye, ko ƙasa?

Tambayar ba ta ado ba ce. In baƙo kan dabba yake so ya rataya a bango, ta bayan ƙafafun gaba ake zagaye fatar a zare ta kamar riga. In so yake a tsayar masa da dabbar sukutum kamar mai rai, ta gadon baya ake tsagawa, a bi geza, yadda ɗinki zai ɓuya a cikin gashi. In kuwa shimfiɗa yake so a ƙasa, ta ciki ake tsagawa har maƙogwaro. Wuƙa ba ta san na fasa ba, shi ya sa doka a gonakin yankin ɗaya ce: mai fiɗa ba ya huda fata sai mai dabba ya faɗa da bakinsa. Shekara huɗu da suka wuce wani ya yi gaban kansa a gonar maƙwabta, aka sallame shi tun kakar farauta ba ta raba tsakiya ba.

Mai dabbar, Herr Brandl, wani Bajamushe ne mai jan wuya da ya yi ritaya daga sayar da kayan noma. Maimakon ya amsa, sai ya cire hula ya sosa ƙeya, ya zaro waya. Dewald ne ya yi bayani. Wai mutumin da ke ɗinka masa fatu a kan gumaka can a Jamus ya aiko da sabon farashi dab da zai taso, kuɗin ya kusa ninkawa, kuɗin akwatin jirgi shi ma ya bi sahu. Bai zaci zai sami gwanki da wuri haka ba, don haka bai tsai da shawara ba. Sai ya yi magana da mutumin tukuna, waya kuma ba ta kamawa sai a kan wani tudu, kilomita tara daga gida.

"Rabin awa, Oom Alfeus," in ji Dewald, wanda ke kiransa Oom, wato kawu. "Kada ka taɓa shi."

"Watan goma muke fa, Dewald. Kuma ka san halin da ɗakin sanyi yake ciki."

"Na sani. Rabin awa."

Injin ɗakin sanyi kwanansa shida a mace, ana jiran wani ƙarfe daga garin Otjiwarongo. Fata kuwa muddin tana jikin nama a wannan zafi, ruɓewa take farawa ta ciki, gashi ya saki. Gashi in ya saki, duk gishirin duniya ba zai mai da shi ba.

Motar ta fita da Dewald da baƙon. Alfeus ya ɗaura tamfol ta gabas don ya tare rana. Ya sa itace ya buɗe ƙafafun dabbar iska ta ratsa. Ya kori ƙudaje da reshe, ya zauna a kan bokiti, ya miƙe, ya je bakin shinge ya leƙa hanya, ya dawo ya sake ɗaukar dutsen wasa. Rabin awa ta wuce, ta ja wata.

Matarsa Magrieta, wadda ke dafa wa baƙi abinci, ta kawo masa kofi a gwangwani ta tsaya tana kallonsa.

"Tsoho, kazar da ke neman wurin ƙwai ta fi ka natsuwa. Wuƙar nan in ka ƙara wasa ta, allura za ta koma, sai in karɓa in yi maka facin wando."

Ya ci gaba da wasa wuƙar. Ta ce ya zauna ya sha, dabbar ba tasa ba ce, ba shi ya biya ba, in ta lalace asarar mai ita ce. Ya sani gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba shi haushi. A shekara talatin da ɗaya fata ko ɗaya ba ta taɓa zubar da gashi a hannunsa ba. Ba shi da mota, ba shi da shanu, takardar makaranta ma babu, wannan ɗin ce kaɗai dukiyarsa.

Da can baƙo kan tafi ya bar fata shida ko takwas, kowacce da alamarta, a busar a naɗe a kai birnin Windhoek a cika akwati. A lokacin babu mai tsayawa sosa ƙeya. Shekara biyu ke nan abin ya canza. Mutum ya ƙetaro teku, ya biya kuɗin harbi ba gardama, ya sha giyar murna, sai an zo maganar fata ya tuna yana da lissafi. Wasu ƙaho kawai suke ɗauka, wasu ma hoto ya ishe su. Haka kawai a kashe dabba saboda kyanta, sannan a ce kyan ya yi tsada.

Ƙarfe goma da rabi ya shiga ofis ya kira Dewald ta oba-oba. Dewald ya ce mai ɗinkin na Jamus bai ɗaga waya ba, yanzu baƙon wani daban yake tambaya, ya ƙara haƙuri. Sha ɗaya da kwata ya sake kira. Wannan karon wai da matarsa yake magana, kuma daga yadda Dewald ya rage murya, maganar ba ta daɗi ba ce. Alfeus ya ce a tambaye shi kalma ɗaya tak. Dewald ya ce ba a katse wa baƙo waya.

Da ya dawo rumfa cikin gwankin ya fara tashi, korayen ƙudaje sun gano hancin. Kwanon rumfar yana ƙara don zafi. Ya sa yatsu biyu a hammatar dabbar, inda fata ta fi laushi, ya ja gashin a hankali. Gashin ya riƙe. Ya zagaye rumfar, ya zagaye tankin ruwa, ya dawo ya sake ja. Magrieta ta kira shi cin tuwon masara, ya ce ta rufe. Sha biyu ya kira oba-oba har sau huɗu, ba wanda ya amsa. Sha biyu da kwata ya sake jan gashin hammata, sili uku suka biyo yatsunsa.

Ya tsaya yana kallonsu. Sai ya ɗauki ƙaramar wuƙar.

Magrieta tana bakin ƙofar kicin ta hango, ta taho da ludayi a hannu.

"Alfeus, ɗakin da muke kwana na gona ne. Ka tuna."

"Na tuna."

"To ka san wacce yake so?"

"Wa zai taka wannan da takalmi, Magrieta? Dube shi fa."

Nan ne ya yi kuskuren, kuma kuskure ne da sai tsohon mai fiɗa zai yi shi. Shi a ganinsa dabba ita ke faɗin yadda za a yanka ta. Jakin dawa na ƙasa ne, gadu na bango, amma gwanki irin wannan tsayuwa ta dace da shi, kuma duk mai ido zai ga haka. Bai kawo a ransa cewa aljihu ne zai yi magana ba. Ya kira ma'aikata biyu suka juya masa dabbar a kan ƙirjinta, ya raba gezar da yatsa, ya sa bakin wuƙa ta ƙasa yana yankowa sama don kada ya datse gashi, ya ja layi ɗaya daga ƙeya har gindin wutsiya.

Daga nan duk rashin sukunin ya koma hannunsa. Ya zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya har kofato. Ya bi gefen idanu da yatsa a ciki don kada ya yanke fatar ido. Ya raba leɓɓa biyu, ya juye dogayen kunnuwan nan kamar safa har tsininsu ba tare da ya huda ko ɗaya ba, aikin da samarin yanzu ke gudu. Zufa tana shiga masa ido yana sharewa da kafaɗa. Kowane ɗan lokaci sai ya ɗaga kai ya saurari hanya. Ya kankare kitse da sauran nama tas, ya wanke jinin, ya shimfiɗa fatar a inuwa ya zuba mata gishiri buhu guda, yana cusa shi da babban yatsa a kowane lungu. Da ya gama ya bi ta da ja, wuya, ciki, hammata. Ban da wani wuri kamar faɗin kwabo, gashi ya riƙe ko'ina. Ya ceto ta. Daɗi ya kama shi, tsoro kuma yana nan bai tafi ba.

Sai wajen uku da rabi motar ta dawo. Ashe daga tudun sai suka wuce Outjo, wai can waya ta fi kamawa. Herr Brandl ya sauko a gajiye, wuyansa ya ƙara ja, amma da alamar wanda ya sauke kaya. Ya ce ya gama shawara: shimfiɗar ƙasa. Jima kawai za a yi, a naɗe a ƙaramin kwali, ita ce mafi sauƙi.

Dewald ya riga ya hango gishirin. Ya taka ya ɗaga gefen fatar, ya ga inda aka tsaga, gezar rabi nan rabi can. Shimfiɗar da aka raba ta gadon baya ba shimfiɗa ba ce.

"Wa ya ce ka yanka, Oom?"

"Gashi ya fara saki, yallaɓai."

"Na ce wa ya ce ka yanka?"

Alfeus ya cire hula ya riƙe. Magrieta ta tsaya cak a ƙofar kicin. Dewald ya juya ya yi wa baƙon bayani da Jamusanci, a hankali, yana ba da haƙuri, yana nuna tsagar da kunnuwan da leɓɓan. Ya ce fatar lafiya lau take, aikin ma ba shi da na biyu, sai dai ta tsayuwa ce.

Herr Brandl ya saurara, ya dubi fatar ɗan lokaci, sai ga murmushi. Ya daki kafaɗar Alfeus ya ce ba komai, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Dama matarsa ba ta son gashin dabba a falo. A tafasa kan, ƙaho da ƙoƙon kai sun ishe shi, kwalin ma zai fi ƙanƙanta. Ya tambaya ko akwai giya mai sanyi, ya nufi baranda.

Alfeus ya shirya wa faɗa, har ya shirya wa kora. Da ma mutumin ya zage shi da ya fi masa, don wanda ya yi fushi a kan abu ya san darajarsa.

Dewald ya sauke numfashi, ya goge gishirin hannunsa a wando. Ya ce Allah ya rufa asiri, amma kada a kuma. Sannan, ba da wata mugunta ba, ya ce cikin baƙi goma sha ɗaya da suka kama wuri baɗi, tara ƙaho kawai suka rubuta, tafasa kai kuwa ko direba zai iya. Alfeus ya tambayi yadda za a yi da fatar. Dewald ya ɗan yi tunani, ya ce kujerun baranda igiyoyinsu sun tsinke, a yanka ta a yi sababbi.

"Igiyar kujera ba ta son gashi," in ji Alfeus.

"To a cire mana, Oom. Kai ka san yadda ake yi."

Ya sani kuwa. Ya kakkaɓe gishirin, ya naɗe fatar ya ɗora a kafaɗa ya kai bayan tanki. Ya gangaro da rabin duro ya ajiye inda rana ta fi duka, ya cika shi da ruwa, ya tura fatar ciki har kunnuwa, ya danne da dutse. A zafin nan kwana uku ya isa gashin ya zube.