Kogin da Jibo Bai Haye Ba

Wasan nan Tosin ce ta kwaso shi daga jami'a, ta zube wa abokanta shi a rumfar shagon babarta da ke Malumfashi. Ba allo, ba kati. Kowa ya ƙirƙiro jaruminsa, mutum ɗaya ya riƙa ba da labarin duniyar da suke ciki. In jarumi zai yi kasada, a jefa dayis irin na lido: ya ba da babba ka tsira, ya ba da ƙarami sai haƙuri. Abdussamad ne mai ba da labari, don shi bakinsa ba ya gajiya.

Lafiya lau ake yi har ranar da yayansa Ummaru ya dogaro sanda ya zo ya zauna. Tun da babur ya kayar da shi a hanyar Dayi ƙafarsa ta ƙi komawa daidai, gonar masararsa ma ƙanne ke nome masa.

Tosin ta ce, "Yaya, kada ka yi jarumin da ya iya komai, zai gundure ka. Ba shi abin da yake nema, ka kuma ba shi abin da yake tsoro."

Ummaru ya ce nasa maharbi ne, sunansa Jibo. Aljanun ruwa sun sace masa ƙanwa, ga shi bai iya iyo ba.

Jarumi kam ya yi. Matsalar tana wajen Abdussamad. Ina shi ina duban idon wanda ya goya shi ya ce masa "ka faɗi"? Ga kuma tsoro: tun bayan hatsarin a rumfar nan kaɗai yake ganin dariyar yayansa, in Jibo ya mutu ƙila ba zai sake zuwa ba. Sai ya koma jefa dayis ɗin a cikin ƙoƙo, ya leƙa shi kaɗai.

Kura ta kawo hari? "Shida, Yaya!" Dodo ya tare hanya? "Shida!" Kai, abin har ya zama abin kunya. Tosin ta ja shi gefe ta ce wallahi kashe wasan yake yi, ya ce ya ji. Bai daina ba.

Wata Asabar da la'asar labari ya kawo Jibo bakin kogi, ruwa ya cika ya batse, muryar ƙanwarsa na tashi daga tsallake.

"Zan faɗa ruwan," in ji Ummaru.

Abdussamad ya girgiza ƙoƙo, ya leƙa. Ɗaya. Ya buɗe baki ke nan, Ummaru ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

Ba a musu da Yaya. Ya miƙa, kansa a sunkuye. Ummaru ya daɗe yana kallon cikin ƙoƙon.

"Ka ɗauka ban sani ba? Kowa lallaɓa ni yake yi kamar ƙwai. Na zaci ko a nan za a bar ni in faɗi da kaina." Ya gyara zaman ƙafarsa. "To, gaya min yadda ya nutse. Kada ka rage komai."

Abdussamad ya ba da labarin: sanyin ruwan, nauyin kwari da baka, hannun da ya ɗago sau ɗaya ya ɓace. Tausayi ya kama shi, ya tabbata yanzu Yaya zai jawo sandarsa ya tafi.

Ummaru ya ce, "Yarinyar tana can tsallake har yanzu?"

"Tana can, Yaya."

"To ai ba a barin ta. Tosin, zan yi wani jarumin." Ya ɗan yi tunani. "Wannan gurgu ne. Amma yana da kwalekwale."