Buhun da ke Bayan Labule

Tarin Hajiya ya ƙi tsayawa. Tana durƙushe a tsakiyar shagon kitso, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan ya damƙe ƙafar kujera. Farar ƙura ta turnuƙe ɗakin, don fanka ta bi ta kan garin da ake tankaɗewa.

Mai kitso ta kashe fankar. Wata uku ke nan tana ɗura wannan farin gari a kwalabe, tana gaya wa matan unguwa ƙasar teku ce mai sinadarin silika: cokali ɗaya a ruwa, gashi ya sauko kafaɗa, farce ya yi ƙwari, gwiwa ta daina ciwo. Har suna suka laƙaba mata, Anti Silika. Hajiya surukarta ce, ita ma gwiwar ce ta kawo ta.

Mijin mai kitso ya faɗo shagon da kayan aikinsa na wanke wurin ninƙaya a otal, wata nas maƙwabciyarsu na biye da shi.

"Me ta shaƙa?" in ji nas ɗin.

"Garin lafiya ne, Sista. Na ci ne, kowa na..."

"Ba talla na tambaye ki ba. Tana da asma. Kawo ledarsa in nuna wa likita."

Babu wata leda. Garin da ta saro ya ƙare tun makon jiya, mata kuma suna ta sallama. Sai ta ga wani buhu a ɗakin ajiyar mijin, da suna iri ɗaya a jikinsa, ta ɗauko ta ci gaba da ɗurawa daga ciki. Yanzu yana bayan labule. In ta fito da shi, shagon ya mutu.

"Ke!" mijin ya daka mata tsawa. "Uwata ce fa a ƙasa, kin tsaya kina zare ido!"

Numfashin Hajiya ya fara fita da ƙara kamar usur. Mai kitso ta ja labulen.

Mijin ya yi sororo. "Buhuna? Garin tace ruwan wurin ninƙaya? Wanda sai na rufe hanci da baki nake taɓawa?"

"Ai sunansu ɗaya, kalarsu ɗaya!"

"Siminti ma gari ne, ki dama mana mu sha, sakarya!"

Nas ɗin ta yage takardar jikin buhun. "Wannan gasa shi ake yi a wuta, ba na ci ba ne. Ko na cin ma, wa ya ce miki yana gyara gwiwa? Mata nawa kika ba?"

Mai kitso ta dubi kantar da take jera kwalabe. Shida suka rage cikin arba'in ɗin da ta ɗura daga buhun.

Suka ciccibi Hajiya zuwa mota. Mai kitso ta ɗauko mayafi, mijin ya nuna ta da yatsa. "Kar ki kuskura ki biyo mu."

Motar na tashi wani ƙaton mutum da ba ta taɓa gani ba ya tare ƙofar, riƙe da kwalba wadda aka sha rabinta.

"Wace ce Anti Silika a nan?" ya ce. "Matata na da ciki wata bakwai."