Ƙofar da Kansila Ya Toshe

Kansila ya daki teburin jami'ar zaɓe har ruwan kofinta ya fantsama.

"Sake faɗa in ji!"

"Ranka ya daɗe, ba ka cikin mazaɓar," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba a tsayawa takara inda ba a zaune."

Shi ne ba ya cikin mazaɓar? Mahaifinsa ne fa kansilanta na farko. Matsalar gidansu tun fil azal ita ce Layin Makanikai. Mutanen layin ne suka kayar da tsohon, suka ɗora wani mai sayar da katako. Shi ma a zaɓen da ya wuce da ƙyar ya sha, a rumfarsu kuwa ihu suka yi masa. Don haka da aka zo sake shata iyaka ya hana kansa sakat, ya bi manya har gidajensu, sai da aka yanke layin aka liƙa wa mazaɓar maƙwabta. Ranar har rawa ya taka a tsakar gida.

"Kai ka kawo shawarar," in ji jami'ar. "Duk gidan da ƙofarsa ke kallon Layin Makanikai ya koma can. Taka ƙofar ina take kallo?"

Gidan gadonsu yana tsakanin hanyoyi biyu ne, asalin ƙofarsa kuma babban titi take kallo. Da kujera ta zo, mota ta biyo baya, sai ya fasa katangar baya ya sa get, ya toshe ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida. Zauren ya jefa wa ƙanensa, tela, a matsayin rabonsa, don kawai ya daina ganin fuskarsa. Laifin telan shi ne ya faɗa masa a gaban mutane cewa kwalbatin da ya yi alkawari har yau babu shi. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Gobe muke rufewa," ta ce. "In ƙofarka ta dawo babban titi kafin nan, sai mu zo mu gani."

Ya ɗauko magini a mota. Dole ta layin zai shiga gida, labari kuwa ya riga shi isa. Makanikai suka fito daga ƙarƙashin motoci suna goge hannu.

"Maraba da sabon maƙwabci!"

"Ranka ya daɗe, ka kore mu ka biyo mu?"

Ya ɗaga gilashi, zuciyarsa na tafasa. A cikin gida ya nuna wa magini bangon, bai ga dalilin neman izinin kowa ba. Guduma ta fara aiki, bulo ya faɗa ta can ciki, ƙura ta tashi. Da ta lafa, sai ga tela zaune a kan kekensa, shugaban jam'iyya na mazaɓa da matarsa a kan benci suna kaɗe kaya.

"Yaya, lafiya kake rushe mini ɗaki?"

"Ƙofar ubana zan buɗe."

"A rabona? Kai ka tara shaidu ka ce nan nawa ne, can naka, kada in ƙara taka maka tsakar gida. Ka manta?"

Kansila ya juya ga shugaban jam'iyya. "Kai kuma me kake yi a nan?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ka san mutane sun saba da sunan gidan nan. Jam'iyya ba za ta zauna babu ɗan takara ba. Shi kuma ƙofarsa titi take kallo."

Kansila ya zura kai cikin ramin, hularsa ta goge siminti.

"Maci amana! Ni za ka yi wa haka? Wallahi ko ƙuri'ata ba za ka gani ba!"

Tela ya tashi, ya ɗauki bulon da ya faɗo, ya hure masa ƙura, ya miƙa wa magini ta gefen kunnen yayansa.

"Mayar da shi inda yake, malam." Sannan ya dubi Kansila. "Yaya, ai ba ka da ƙuri'a a nan."