Wuyan Rigar Nutso

Tun yana saurayi Atiku yake nutso a gulbin Kalgo. Idan injin ban ruwa ya zame daga gaɓa, ko kwalekwale ya kife da buhunan shinkafa, shi ake aika wa. A bara ciwon fitsarin jini ya kwantar da shi, likita kuma ya gaya masa ƙarara cewa muddin fatarsa ta ci gaba da taɓa ruwan nan, ciwon ba zai rabu da shi ba. Saboda haka da ƙungiyar manoman rani ta yanke shawarar sayen rigar nutso, irin wadda ruwa ba ya shiga cikinta ko ɗigo, sai Atiku ya ga hanyar komawarsa sana'a ta buɗe. Abin da ya ɓata masa rai shi ne, riga ɗaya za a saya, kuma su biyu za su riƙa sawa, shi da Abdulbaƙi, mai yasar rijiyoyi a Masama ta ƙasar Gwandu.

Abdulbaƙi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Al'ada ta ba su damar zagin juna a gaban kowa a yi dariya, amma tun da suka saɓa a kan gonar kakansu, zagin ya daina zama wasa, suna dai fakewa da al'adar.

Ranar zaɓen rigar aka shimfiɗa tabarma a zauren Malam Tajuddeen, shugaban ƙungiyar. Wani ɗan kasuwa mai suna Kamal, wanda ya kawo kayan daga Fatakwal, ya baje riguna biyu. Ta farko baƙar roba ce mai kauri da nauyi, tana riƙe ɗumi, tana kuma kama jiki. Ta biyu yadi ne sirara uku da aka manne wuri ɗaya, ba ta da nauyi, tana saurin bushewa, kuma tana da yalwa yadda ƙato da siriri duk za su iya shiga.

"Mai kaurin nan nake so," in ji Atiku, domin ya lura ta yi wa Abdulbaƙi yawa.

"To mai tumbi, rigar ta ubanka ce?" Abdulbaƙi ya ce. "A ɗauko mai yalwa. In ka shiga waccan, wa zai fiddo ka, mahauta?"

"Kai da ko cikin buhun taki aka sa ka sai an cika da ƙaiƙayi."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Tajuddeen ya ɗaga hannu ya ce mai yalwar za a ɗauka, magana ta ƙare.

Sai Kamal ya juyo da wuyan rigar ya nuna musu. Roba ce mai laushi, an zana mata zobe-zobe daga sama zuwa ƙasa. Ya ce a nan amfanin rigar yake: dole wuyan ya kama maƙogwaro sosai, in ba haka ba ruwa zai kwarara ciki. Ana rage shi da almakashi, zobe ɗaya bayan ɗaya, kowane yanka yana ƙara masa faɗi, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Tunda mutum biyu ne, sai a auna da mai siririn wuya, ɗayan ya jure matsi.

Atiku ya zura kansa domin gwaji. Robar ta shaƙe shi, jijiyoyin goshinsa suka tashi, idanunsa suka yi ja.

"Malam, ku duba," in ji Abdulbaƙi, "ga ragon layya an ɗaure. Wa ke da wuƙa?"

Atiku ya cire rigar yana haki. Ya san idan aka auna da wuyan Abdulbaƙi, shi ba zai iya numfashi a ƙarƙashin ruwa ba, rigar kuma in ta tafi Masama ta tafi ke nan. Daidai lokacin aka kira sallar azahar, jama'a suka miƙe zuwa alwala. Atiku ya tsaya kamar yana neman takalminsa, ya ɗauki almakashin Kamal, ya yanke zobe uku a tsanake. Da aka dawo daga masallaci, sai aka tarar da shi zaune cikin rigar, wuyan ya zauna masa daram.

Kamal ya dafe kai. Abdulbaƙi ya karɓi rigar ya gwada, yatsu biyu suka shige tsakanin robar da wuyansa. Ya cire ta ya jefa wa Atiku a fuska.

"Ɓarawo. Yadda ka yi da gona."

Malam Tajuddeen ya ce, "Atiku, kayan jama'a ka yanka domin kanka, to ta zama taka. Amma an saye ta ne domin Kalgo da Gwandu. Daga yau aikin gulbi da na rijiya duka a kanka suke. Ranar da ka ƙi zuwa, a ranar za ka ajiye ta."

Ba a yi mako ba aka aiko daga Masama cewa famfo ya tsinke ya faɗa tsohuwar rijiyar makaranta. Atiku bai taɓa shiga rijiya ba a rayuwarsa. Ya tsaya a bakinta da tsakar rana, tukunyar iskar numfashi goye a bayansa, gumi ya taru cikin rigar har yana jin motsinsa a tafin ƙafa. Ramin ƙunci ne, da ƙyar kafaɗunsa za su wuce, ba a kuma hango ruwan saboda zurfi.

Abdulbaƙi ya fito daga cikin taron da igiya a kafaɗa. A duk garin babu wanda ya iya zura mutum a rijiya sai shi. Ya ɗaura igiyar a ƙugun Atiku, ya ja ƙullin da ƙarfin da ya wuce bukata.

"In kana jin tsoro, tuɓe ka koma Kalgo ka sayar da ƙanƙara," ya ce masa a kunne.

Atiku ya dubi hannuwan da ke riƙe da igiyar, ya dubi fuskar mai su.

"In ka sake ni, mutane na kallo."

"Awo, suna kallo. Shiga."

Atiku ya yi bisimilla, ya zura ƙafarsa ta dama cikin ramin.