Yajin Ajara

Tahidu masinja na cikin goge keken ofishin Disi, Baturen mulki, sai ga Kojo akawu ya dawo daga cin abincin rana, yana ta atishawa, ido ja wur. Gidan haya ɗaya suke a Zangon Tamale, ɗaki na kallon ɗaki.

"Tahidu," in ji Kojo, da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "matarka ya yi yaji. Babban yaji! Matana Joana ma ya taimake shi."

Tsumma ya faɗi daga hannun Tahidu. Yaji? Ajara? To, ai shi ya jawo. Da safe ta miƙo masa cincin ɗin da ta gwada soyawa don sunan ɗan ƙanwarta, ya tauna ɗaya, ya ce salam yake kamar biskit ɗin Bature. A gaban matan gida ya faɗa, har da ƙyaƙyata dariya. Shi ke nan, ta tattara ta koma gidan ubanta!

"Ta yi kuka?"

"Kuka sosai. Duk gida kuka."

Ko izini bai nema ba. Ya haye keken gwamnati, ya sayi goro a kasuwa, ya miƙe sai unguwar Changli, gidan surukinsa Baba Kadiri. Mutumin da ya kamata ya tura manya biko, shi ne ya kai kansa, don tsoro ya hana shi tunani. Wallahi yana son matar nan, bakinsa ne kawai ba shi da linzami.

Ya zube gaban tsohon. "Baba, na tuba. Na kushe mata cincin."

Baba Kadiri ya ɓare goro. "Sai me kuma?"

"Wanda ta ƙulla mini wancan makon... karen Disi na ba."

"Ya ci?"

"Sunsunawa ya yi, ya wuce."

Tsohon ya tauna goronsa a natse, sannan ya ce, "Ni dai rabona da Ajara tun Juma'a."

Tahidu ya miƙe zumbur. In ba ta nan, ina ta tafi? Ya ɗora suruki a bayan keke, suka taho yana taka feda yana salati.

Tun daga zauren gidan hayar tari ya sarƙe su. A tsakar gida ga turmi ya yi ja da barkono, citta, masoro da kanumfari. Joana na murza kwaɓin fulawa da kwalba tana yankawa ƙanana ƙanana. Ga Ajara a bakin kasko, ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana tsame cincin daga man gyaɗa.

"Ajara! Ashe ba ki yi yaji ba?"

"Na yi mana, maigida, turmi guda. Ba kai ka ce cincin ɗin salam yake ba?" Sai ta hango ubanta, ta durƙusa. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Biko aka zo mini." Ya gyara zama a kan tabarma. "Ashe har karen Disi ya ƙi cincin ɗinki?"

Ajara ta miƙe. Ta cika kwano fal da cincin mai zafi, ta dire gaban mijinta.

"Bismilla, maigida. In ka rage ko ɗaya, ga Baba nan, ba sai na nemi ɗan rakiya ba."

Tahidu ya jefa ɗaya a baki. Ƙurus! Daɗi kam akwai, amma kafin ya haɗiye har kunnensa ya ɗauki wuta. Ya ci na biyu, ya ci na uku, hawaye da majina suna tsere. Ya dubi randa, Ajara ta zauna a kan murfin.

Yana tsakiyar kwano Kojo ya shigo neman keken gwamnati. Ya tsaya yana kallonsa cike da tausayi.

"Ka gani? Na gaya maka. Matarka ya iya yaji."

Tahidu ya share ido da hannun riga, ya saci kallon Ajara, ya sake cika hannu.

"Ta iya," in ji shi da ƙyar. "Duka biyun."