Uban Fengwin Ba Ya Kuskure

Torkil ya ɗaga littafin sama don yaran da ke baya su ga hoton. Shi ya rubuta, shi ya zana: dubban tsuntsayen fengwin cunkushe a kan ƙanƙara, uba ɗaya yana ratsa su.

"Duk kamarsu ɗaya," ya ce. "Amma uban fengwin da murya yake gane ɗansa. Ba ya kuskure."

Sunniva, mai kula da yara a wannan gidan reno na birnin Trondheim, ta tafa masa. Ita ta gayyato shi, tunda 'yarsa Ylva tana sashen jarirai. Matarsa Ragna ce ke kawo ta, ita ke ɗaukar ta. Hutun reno da doka ta ba shi a matsayin uba, a kan littafin nan ya ƙarar da shi.

Sai kuka ya tashi daga waje. Jarirai suna barcin rana a farfajiya kamar yadda aka saba a garin, kekunan da ake tura su a ciki jere cikin sanyi, kowa an naɗe shi da ulu, hanci kawai ake gani.

"Tawa ce," in ji Torkil. "Na san muryarta."

Ya fita ko rigar sanyi bai sa ba. Yaran suka yi dafifi a taga. Ya ciro mai kukan, ya rungume, yana jijjigawa.

"Yi shiru, Ylva. Baba ne."

Sunniva ta ƙaraso, ta ɗaga hular jaririn.

"Torkil, wannan Eskil ne. Namiji ne ma."

"Ai hular ce..."

"Hular Ylva ja ce, tun kaka. Da fengwin ne kai, da yanzu uban Eskil ya fige ka tas." Ta karɓi yaron, ta rage murya. "Taka tana can ƙarshe. Ba zan gaya wa Ragna ba."

Torkil bai waiwayi tagar ba. Ya taka zuwa keken ƙarshe. Ylva idonta biyu, tana kallonsa shiru, kamar yadda take kallon kowane baƙo.

"Yara suna jiran ƙarshen labarin," in ji Sunniva.

"Ƙarasa musu. Littafin yana kan kujera."

Ta shiga da Eskil, ta rufe ƙofa. Torkil ya durƙusa a kan dusar ƙanƙara a gefen keken, ya cusa hannuwa a hammata, yana jira 'yarsa ta yi kuka, ya ji muryarta.