Fistan Ya Leƙo Waje

Karo na huɗu ke nan tsohon bakaniken yana kama sifana yana juya injin a hankali. Karo na huɗu kuma fistan ya hau, ya hau, ya zo bakin raminsa a buloki, gangar jikin injin, inda ya kamata ya tsaya, ya ƙi tsayawa. Sai da ya leƙo waje kamar ƙadangare a ramin bango. Tsohon ya ɗora yatsa a kai. Ya kai kaurin fensir.

"Baba, juya shi baya mu gani," in ji ɗansa, wanda abokan tseren mota suke kira Guguwa.

Ya juya baya. Fistan ya sauka, ya sake hawowa, ya sake leƙowa.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Shekara arba'in ina ɗaura inji, ban taɓa ganin fistan mai son ganin gari ba."

Gobe da safe ne tseren, kuma shekara guda Guguwa ya yi yana jiran sa. Wani ya ce masa kirankishaf mai dogon hannu shi ne ƙarfi, don yana jan fistan ƙasa sosai, ya tura shi sama sosai. Wani kuma ya rantse masa cewa sirrin yana ga dogon kwanrod, sandar nan da ke haɗa fistan da kirankishaf: idan ta yi tsawo, fistan yakan ɗan dakata a sama, wuta ta ci da kyau. Guguwa bai ga dalilin zaɓe ba. Ya kawo duka biyun a kwali, yana murmushi.

Tsohon ya kwance su, ya jera a kan tebur, ya auna kowanne da ma'auninsa, ya sake aunawa da wata waya da ya fi yarda da ita. Kirankishaf lafiya. Kwanrod huɗu tsawonsu ɗaya. Fistan su ne dai na da, ba wanda ya ƙara tsawo a cikin kwano. Kowa lafiyarsa ƙalau, sai an haɗa su.

Mai walda na maƙwabta ya shigo da tabarau a goshi, ya leƙa.

"Ku jibga masa gasket biyar a ƙarƙashin murfi mana, murfin ya ɗaga. Ko ku bar shi ba murfi, ya sha iska. Tsoho, ko idon ne ya fara?"

"Idona ya ga waldar da ka yi wa ƙofar nan, ai ka ga da sauransa."

Guguwa bai yi dariya ba. "Baba, a goge kan fistan ɗin kawai. Abin da ya leƙo a cinye shi da magagari, a rufe inji. Yamma tana yi."

Tsohon ya sake duban fistan ɗin. Kansa ya cika da ƙarafa masu hawa da sauka. Magagarin yana can saman kanta, sai ya jawo akwatin kayan aiki, ya taka, ya miƙe. Ƙum! Kansa ya daki ƙarfen rufin garejin.

Ya tsaya a haka, dafe da ƙeya, yana kallon rufin kamar yau aka kafa shi.

"Baba, ka ji ciwo?"

"Ɗakin ne bai girma ba," in ji shi a hankali. "Ni dogo, na kuma hau akwati. Ka ƙara wa kirankishaf hannu, ka ƙara wa kwanrod ƙafa, buloki kuwa yana nan yadda aka haife shi. Ina kake so fistan ya je?"

"To shi ya sa na ce a goge."

"Na bugi rufi, sai a rage mini kai?"

Mai walda ya tuntsire da dariya. Tsohon ya sauko, ya ɗauki fistan ɗaya, ya matse kansa tsakanin yatsu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Idan aka cire kaurin fensir, abin da zai rage bai fi murfin gwangwani ba. A kansa wuta za ta riƙa fashewa, ɗansa kuma yana zaune a bayan injin, ƙafa a kan totur har ƙasa.

"A sa gajeren kwanrod?" in ji Guguwa.

"Sai ya riƙa karkata, yana goga fistan da bango. Ko kuwa... akwai fistan da ake huda raminsa can sama, na taɓa gani. Ko a mafarki ne? Wanne ya fi, wallahi ban sani ba. Kuma ko na sani, ba mai kawo mana shi kafin gobe."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo tsohon kirankishaf da tsofaffin kwanrod, baƙi ƙirin da mai, ya fara goge su da tsumma.

Guguwa ya nuna su da yatsa. "Baba, da waɗannan fa na zo na tara a tseren bara. Na tara! Har yara suna yi mini ihu."

"Na sani," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Ni na buɗe maka ƙofa da ka dawo lafiya. Miƙo mini sifana sha huɗu."